Ƙauyen Roquefort: dutse ne ya yi musu arziki, tumaki ne, ko doka?

Isuhu Damagaram:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda makon nan maganar kiwon tumaki ake, bari in kawo muku labarin wani ƙauye na kudancin Faransa, ba shi da nisa sosai da Montpellier inda nake karatun aikin gona. Sunansa Roquefort-sur-Soulzon, cikin gundumar Aveyron. Mutanen da ke zaune cikinsa ba su kai 700 ba. Gidajen a manne suke a gindin wani dutse mai suna Combalou, can ƙasa kuma ɗan rafin Soulzon ne ke wucewa. Wurin gangare ne, babu filin kirki da za a sa garma, har masu ba da tarihin garin kan maimaita cewa ƙasa ce da ba ta fidda inabi, ba ta fidda alkama. To amma cukun da ake nunarwa a ƙarƙashin gidajen nan ana sayar da shi har Jamus da Sifen da Amurka, kuma a shekarun 2000 yakan kai tan 18,000 a shekara. Me ya ɗaga wannan ƙauye sama da garuruwan da ke da ƙasa mai albarka? Ni dai a ganina ba tumakin ba ne, ba ma dutsen ba ne. Doka ce. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Auwalu Fagge:
Wa alaikumus salam. Badamagare ya je Turai ya dawo mana da labarin cuku. Shi ne wannan mai shuɗi-shuɗi a ciki kamar ya lalace? Na gan shi a hoto. Wallahi ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara.

Isuhu Damagaram:
Shi ne, Bakano. Fumfuna ce a ciki, da gangan ake sa ta. Wanda ke cin daddawa da safe bai kamata ya yi wa kowa dariya ba.

Maman Sadiq:
Ku bar wasan nan tukuna. Malam Isuhu, ni sana'ata madara da yogot ce, kuma babban abin da ke karya mu zafi ne da rashin wuta. Ka ce a ƙarƙashin gidaje ake nunar da shi. Ta yaya? Da can da babu firij fa?

Isuhu Damagaram:
Hajiya, tambayarki ta kai mu inda labarin ƙasar yake. Tun zamanin da ba a san adadinsa ba wani ɓangare na dutsen Combalou ya rufta, manyan duwatsu suka zube kan juna, suka bar kogwanni da tsage-tsage a tsakaninsu. Waɗannan tsagogin su suke kira fleurines. Iska na shiga ta cikinsu daga jikin dutsen, ta bi ta kan duwatsu masu danshi, ta fito cikin kogon da sanyi da laima. Aikin randa ke nan, sai dai wannan randar dutse ce guda. Rani da hunturu sanyin kogon yana wajen digiri 8 zuwa 10, laima kuma ta haura kashi 90 cikin ɗari. Mutanen garin suka gyara kogwannin, suka yi musu hawa-hawa zuwa ƙasa, akwai mai hawa 11. Masu kula da wurin suna buɗe bakin tsagar ko su rufe, gwargwadon yadda iskar waje take.

Yankin da ke da irin wannan iska ɗan ƙarami ne: tsawon kilomita 2, faɗin mita 300 ko kusa da haka. Duk cukun duniya da ke ɗauke da sunan Roquefort sai ya kwana cikin wannan ɗan tsirin.

Ana haɗa shi da ɗanyar madarar tunkiya, ba a dafa ta. A zuba garin fumfunar, a daskarar, a zuba a mazubi, a tsane ruwan, a shafe da gishiri. Sai a sossoke kowane curi da dogayen allurai don iska ta shiga, saboda fumfunar ba ta yaɗuwa sai da iska. A jera su a kan katako cikin kogo. In shuɗin ya kai yadda ake so, sai a naɗe curin da siririyar takardar kuza don a rage masa gudu. Mata ne aka sani da wannan aikin naɗi, ana ce musu cabanières. Da can burodi ake toyawa a bar shi ya yi fumfuna, a busar a niƙe. Har yanzu wasu ƙananan gidajen suna yin haka, manyan kuwa a ɗakin gwaji suke renon tasu.

Baffa Jauro:
Isuhu ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma da bakinka ka rushe maganarka. Ka ce doka ce, ga shi ka cika mana allo da dutse. Ni kuma na ce duk kun manta da mai gayya mai aiki. Na yi shekaru ina aikin dabbobi kafin in yi ritaya, kuma duk wanda ya karanci kiwon tumakin madara ya san irin Lacaune. Dutse ba ya tatsuwa, takardar doka ma haka. Tunkiyar nan a yau tana ba da kusan lita 300 a kakar tatsa guda. Ba haka kakanninta suke ba. Makiyayan yankin ne suka haɗa kai tun daga shekarun 1960, suna auna madarar kowace tunkiya suna rubutawa, suna zaɓen raguna daga uwayen da suka fi, suna baye ta hanyar allura. Aikin haƙuri ne na shekara da shekaru. A ba su haƙƙinsu.

Isuhu Damagaram:
Allah ya ƙara girma, Baffa. Ban raina tunkiya ba. Amma ka duba: irin Lacaune yanzu an kai ta ƙasashe da dama, ana tatsar ta a Sifen da Girka da sauransu, kuma babu wanda ya isa ya kira cukunsa Roquefort. Kogo mai sanyi ma ba a Combalou kaɗai Allah ya yi shi ba, yankin cike yake da kogwanni, kuma a da ana nunar da cuku a cikinsu. Abin da ya raba su shi ne hukuma ta ce wannan suna na wannan wuri ne.

Malama Zainab:
Bari in sa baki ta fuskar tarihi, tunda shi nake koyarwa. Maganar Malam Isuhu tana da tushe. A 1411 sarkin Faransa Charles na 6 ya ba mutanen Roquefort ikon nunar da wannan cuku su kaɗai. A 1666 babbar kotun Toulouse ta yanke hukuncin hora masu sayar da jabu da sunansa. Sai 26 ga Yuli 1925 aka yi dokar da ta sa ya zama cuku na farko a Faransa da aka kare sunansa da asalin wurinsa. A 1930 makiyaya da masu masana'antu suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya guda, mai tambarin jar tunkiya. A 1961 kotun Millau, wani gari da ke kusa, ta iyakance cewa sai a kogwannin zubabben dutsen Combalou kaɗai. Tarayyar Turai ta amince da kariyar a 1996.

Akwai tatsuniyar da suke ba 'yan yawon buɗe ido, wai wani saurayi makiyayi ne ya bar burodinsa da cukunsa a kogo ya bi wata yarinya, da ya dawo ya tarar sun yi shuɗi. Wannan ta talla ce, ku bar ta a nan.

Abu ɗaya da ban so ya wuce ba: mun ce ƙauyen masu Faransanci, to kakannin mutanen nan ba Faransanci suke yi a gida ba. Harshen Occitan suke yi, makaranta da aikin soja da rediyo ne suka ture shi gefe.

Nasiru Lauya:
Madalla da jerin shekaru, Malama. Yanzu a gaya mini wa dokar ta yi wa aiki. Kamfanoni 7 ne kacal ke da ikon fitar da Roquefort. Mafi girmansu, Société, wanda masu kogwanni suka haɗu suka kafa a 1842, shi ke da fiye da rabin kasuwar, kuma tun 1992 yana hannun ƙaton kamfanin madarar nan da yanzu ake kira Lactalis. Wani daga cikinsu, Papillon, shi ma ya koma hannun ƙaton kamfanin Savencia a 2019. To ina ƙauye a nan? Idan doka ta ce sai a cikin kilomita 2, duk wanda ya mallaki kogwannin kilomita 2 ɗin ya mallaki sunan. Makiyayi ba shi da kogo. Madara yake kawowa, a auna, a biya shi, ya koma.

Sannan ku duba ƙa'idar da kyau. Kwana 90 ne mafi ƙarancin nunarwa, amma kwana 14 kawai aka wajabta cukun ya yi a buɗe cikin kogon. Sauran a ɗakunan sanyi na lantarki yake yi. Daskarar da madarar ma ba a ƙauyen ake yi ba, a masana'antun da ke warwatse cikin yankin ake yi, a kawo curin da mota. Wato kogon ya kusa zama wurin buga hatimi.

Maman Sadiq:
Kai Barista, kullum kai sai ka nemo inda ƙuda ya faɗa. Kwana 14 ɗin ai a cikinsu fumfunar ke kamawa, ko ba haka ba Malam Isuhu?

Isuhu Damagaram:
Haka ne Hajiya, a nan shuɗin ke tashi. Yaya Nasiru, maganarka ta kamfanoni gaskiya ce, kuma mutanen yankin da kansu suna yin ta, har da zafi. Amma ka karanta rabin dokar ne. Ɗaya rabin ya ɗaure kamfanin. Ba shi da ikon sayen madara sai daga wani yanki da aka shata cikin gundumomi 6: Aveyron, Tarn, Lozère, Hérault, Gard da Aude. Sai ta tunkiyar Lacaune. Sai ɗanya, ba garin madara ba. Dole tumakin su fita kiwo muddin yanayi ya bari, kuma kashi 3 cikin 4 na abincinsu daga yankin zai fito. A da har daga tsibirin Corsica da tsaunukan Pyrénées ake kawo cuku a nunar a nan, daga baya aka rufe wannan ƙofa. Ka ɗauka babu wannan doka. Kamfani mai girman Lactalis zai zauna yana bin gonaki sama da 1,000 a kan tudun duwatsu yana karɓar madara? Da tuni ya koma inda ta fi araha. Dokar da ta ba shi kogo ita ta hana shi guduwa ya bar makiyayi.

Nasiru Lauya:
Ta hana shi guduwa, ba ta hana shi yanka farashi ba. Kuma ba duk madarar yankin ke zama Roquefort ba. Wadda ta yi rara ana juya ta zuwa wasu cukun da ba su da wannan daraja, kuɗinta ma bai kai ba. Yawan gonakin kullum raguwa yake, waɗanda suka rage suna ƙara girma. Ni ban ce dokar banza ce ba. Na ce kada a kawo mana ita kamar maganin kowace cuta.

Malama Zainab:
Abin dariya a kan rarar madarar nan: shekaru suna yin farin cuku da ita suna sayarwa da sunan feta. Girkawa suka ce sunansu ne. A 2005 kotun Turai ta tabbatar wa Girka, dole masu yi a Faransa suka cire sunan daga kwalinsu. Sandar da suke dukan wasu da ita ce ta sauka a kansu.

Malam Habibu:
Salamu alaikum. A gafarce ni, zan ɗan karkata. An tambaye ni ta gefe ko ya halatta a ci. Fumfunar ba ita ce matsala ba, kuma ba a sa giya ko alade a ciki. Inda malamai suka yi magana shi ne abin da ake daskarar da madarar da shi, wanda ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan rago mai shan nono, littattafan fiƙihu suna kiran sa infaha. In dabbar yankakkiya ce ta hanyar shari'a, babu saɓani. In ba haka ba, Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkinsa, Ibn Taimiyya ma ya rinjayar da haka, Malikiyya da Shafi'iyya kuwa suna ganin najasa ne. Wanda ke zaune can sai ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wallahu a'alam.

Auwalu Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ni na bi Malikiyya tun kafin a tambaye ni.

Baffa Jauro:
Auwalu ba ka da dama. Isuhu, ka ce a ƙauyen ba a noma. To su makiyayan ina suke? Wace irin ƙasa suke kiwo a kai?

Isuhu Damagaram:
Baffa, ƙauyen kansa yau ya fi kama da masana'anta. Da safe motoci ke shigowa da ma'aikata daga Saint-Affrique da Millau, da yamma su watse. Kiwon yana kewaye da shi, kuma wurin da ya fi suna shi ne Larzac, wani shimfiɗaɗɗen tudu na dutsen farar ƙasa da ke gabas da garin, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,000, tsayinsa tsakanin mita 600 da 900. Ana ruwan sama sosai, amma ƙasar ba ta riƙe shi. Dutsen duk huji ne, ruwa na sauka yana zurarewa ƙasa, sai can cikin kwari ya ɓullo. Shi ya sa za ka ga tudu babu rafi ko ɗaya. Makiyayan da suka gabata sai suka riƙa gyara ƙananan tafkuna, su shimfiɗe gindinsu da yumɓu da duwatsu don su tara ruwan sama, suna kiran su lavognes. Ciyawar gajera ce, hunturu da sanyi da iska, bazara da fari. Saniya ba ta jin daɗin wurin, tunkiya ce ke iyawa. A 'yan kwarurrukan da jar ƙasa ta taru ne ake shuka hatsi da ciyawar yanka.

Fatun 'yan ragunan ma ba a zubar ba. Su suka raya majema da masu ɗinkin safar hannu a Millau, har garin ya yi suna da ita kafin sana'ar ta ja baya. A 2011 UNESCO ta sa wannan yanki na Causses da Cévennes cikin wuraren tarihi na duniya, saboda al'adar kiwonsa.

Malama Zainab:
Tunda an ambaci Larzac, dole in yi magana mai tsawo, ku yi haƙuri. A nan ne nake ganin Malam Isuhu da Barista duk sun bar wani abu. Doka ba daga sama take faɗowa ba, kuma ba ta tsare kanta.

Tun 1902 akwai barikin soja a La Cavalerie, a kan tudun, mai hekta 3,000. A Oktoba 1971 ministan tsaro Michel Debré ya ba da sanarwar za a faɗaɗa shi zuwa hekta 17,000. Ma'ana gonaki sama da 100 za su tashi. Mutanen nan manoma ne masu zuwa coci, ba 'yan zanga-zanga ba ne, yawancinsu ma masu ra'ayin riƙau ne. A Maris 1972 su 103 suka sa hannu a kan alkawari cewa babu wanda zai sayar wa soja gonarsa, babu wanda zai tashi. Kuma suka zaɓi hanyar da ba tashin hankali. A Oktoba 1972 suka loda tumaki 60 suka kai Paris, suka sake su suna kiwo a gindin hasumiyar Eiffel, 'yan sanda na bin tumaki da gudu. A Janairu 1973 suka kama hanyar Paris da taraktoci, aka tare su a Orléans. A ƙauyen La Blaquière suka gina garken tumaki na dutse ba tare da izini ba, a cikin filin da soja ke so. A 1974 mutane wajen 100,000 suka hau tudun don bikin girbi, girbin da aka sadaukar wa ƙasashe matalauta, a daidai lokacin da fari ke cin Sahel ɗinmu. A 1978 suka taka da ƙafa har Paris, sama da kilomita 700.

Shekara 10 ana wannan. Da François Mitterrand ya ci zaɓe a 1981 sai ya soke shirin. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Filayen da gwamnati ta riga ta saya, hekta 6,300, ba a raba su an sayar ba. A 1985 aka damƙa su ga wata ƙungiyar mazauna wurin bisa doguwar haya, ita kuma tana ba manomi gona ya yi aiki har ya yi ritaya, sannan ta ba wani. Ba ya sayarwa, ba a gadonta. Saurayin da ba shi da kuɗin sayen ƙasa yana iya samun gona ta wannan hanya.

Nasiru Lauya:
Wannan kam na sara mata. Amma ki ƙarasa, Malama: barikin yana nan, kuma tun 2016 aka kawo rundunar sojan Légion étrangère ta zauna a ciki.

Malama Zainab:
Yana nan, a kan hekta 3,000 ɗinsa na asali. Abin da suka ƙi shi ne faɗaɗawa, kuma ba a faɗaɗa ba.

Isuhu Damagaram:
Daga cikin samarin da suka zo taya su faɗan suka zauna akwai José Bové, wanda ya zama makiyayin tumaki a ƙauyen Montredon da ke kan tudun. A 1999 Turai ta ci gaba da ƙin karɓar naman shanun Amurka da ake yi wa allurar ƙiba, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ba Amurka damar ramawa, sai ta ɗora harajin kashi 100 cikin ɗari a kan wasu kayan Turai, har da Roquefort. Makiyayin Larzac da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi aka daka. Ranar 12 ga Agusta 1999 Bové da abokansa suka je Millau suka kwakkwance wani gidan abincin McDonald's da ake kan ginawa. An yanke masa wata 3 a kurkuku. A ƙarshen shekarar ya je taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Seattle na Amurka da cukunsa a hannu. Daga baya ya yi shekara 10 a majalisar Turai, 2009 zuwa 2019. A Janairu 2009 ma gwamnatin Bush ta Amurka, tana gab da sauka, ta ce za ta mai da harajin kashi 300, sai aka sasanta kafin ya fara aiki.

Ɗan Galmi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karatu ban ce komai ba, amma maganar nan ta taɓa ni, don ni albasa nake saye da sayarwa. Galmi tamu ƙaramin gari ce tsakanin Ƙonni da Madawa, amma albasarta ana neman ta har Abidjan da Accra. Ka je kasuwa ka ga buhun da bai taɓa ganin jihar Tawa ba ana ce masa ta Galmi. Har wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman a yi masa rajistar irin da sunan Violet de Galmi, sai da manoma da gwamnati suka tashi tsaye. Yanzu hukumar OAPI da ke Yaoundé, mai kare haƙƙin mallakar suna da fasaha a wasu ƙasashen Afirka, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar asali, kamar yadda ta yi wa barkonon Penja na Kamaru a 2013. To takarda ta samu. Amma wa zai tsaya a kasuwar Kumasi ya buɗe buhu ya ce wannan jabu ce? Su can suna da masu bincike da kotu da ƙungiyar da ta kusa shekara 100. Mu takardar tana ofis.

Baffa Jauro:
Alhaji ka faɗi gaskiya. Mu ma a nan an yi mana. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara shekaru aru-aru, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, aka sa mata sunan fatar Maroko. Majemin da ya wahala babu wanda ya san da shi.

Nasiru Lauya:
Kuma Najeriya ba ta cikin OAPI, a sani. Alhaji, ka lura da abin da na ce ɗazu. Ranar da takardar Galmi za ta fara kawo kuɗi na gaske, ranar za ka ga masu manyan rumbuna da manyan motoci sun zo su ne masu sunan. Ku rubuta ƙa'idar tun yanzu yadda za ta ɗaure mai saye, ba manomi kaɗai ba.

Ɗan Galmi:
Barista, ai ni ne mai motar. Amma na ji.

Maman Sadiq:
To yanzu ya kasuwar tasu take? Har yanzu tan 18,000 ɗin ne?

Isuhu Damagaram:
Ta sauka, Hajiya, yanzu ƙasa da tan 16,000 ne. Matasan Faransa sun fi son cuku mai sauƙin ɗanɗano, wannan kuwa yana da ƙarfi da gishiri, ga tsada. Sannan akwai tambarin lafiyar abinci da ake bugawa a kwali, Nutri-Score, daga A zuwa E. Saboda kitse da gishiri Roquefort ya faɗa E, matakin ƙarshe, kuma a 2021 masu yin sa suka yi ta ƙorafi a cire su daga tsarin. Hujjarsu ita ce dokar 1925 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun hana su canza yadda ake yin sa, to ta yaya za a hukunta su don ba su canza ba? A 2025 suka yi bikin cika shekara 100 da dokar, ana murna ana lissafi.

Abin da ke taimaka wa ƙauyen kuma shi ne baƙi. Tun da aka buɗe gadar Millau a Disamba 2004, mai tsayin mita 343 a kan kwarin kogin Tarn, hanyar ta yi sauƙi, masu wucewa zuwa bakin teku kan ratse su shiga kogo su sayi cuku.

Auwalu Fagge:
Wato gwamnati ɗaya ta ce kada ku canza, ta dawo ta ce abinku ba shi da lafiya. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Baffa Jauro:
Isuhu, ni tambayata ta makiyayi ce. In ana tatsar uwa haka, ɗan ragon me yake sha? Kuma yaya suke yi tumaki su haihu lokaci guda?

Isuhu Damagaram:
Baffa, bisa al'ada da bazara ake baye, wajen Yuni da Yuli, a haihu a farkon hunturu. Ɗan yana shan uwarsa wajen wata guda, dokar ma ta hana a kai madara masana'anta sai an yi 'yan makonni da haihuwa. Daga nan a yaye shi, a ware matan da za su maye gurbin tsofaffi, sauran a sayar wa masu turka. Tatsa sau 2 a rana da inji, daga wajen Disamba har Yuli. Yanzu kamfanoni na matsa wa wasu gonakin su sauya lokacin haihuwa don madara ta riƙa samuwa kusan duk shekara. Kukan da na fi ji a bakin makiyayan shi ne na magaji, don yaro ba ya son aikin da babu Asabar babu Lahadi, sai kuma kyarkeci da ya dawo yankin yana kashe musu tumaki, ga shi doka ta kare shi.

Baffa Jauro:
Kyarkeci da kariyar doka! To in ka sake hawa tudun, ka tambayar mini abin da suke ba uwar a watan da ta haihu, da yadda suke maganin ciwon hantsa. Ka turo mini ta gefe, akwai wani yaro a Zariya da ke son gwada tatsar Balami.

Maman Sadiq:
A turo nan dai, Malam Isuhu, mu ma muna so.